TUN RAN GINI RAN ZANE: FILIN JAMI'A DA GONAR TALAKA

Jawabin akawun jam'iyya ga 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa na ƙasashen Anka, Gummi da Bukkuyum



Dattawanmu, iyayenmu mata, sarakunan kasuwa da samari, muna gaishe ku, muna kuma gode muku da kuka bar rumfunanku da ayyukanku kuka zo sauraronmu. Ba za mu cinye muku yini ba. Roƙonmu ku kasa kunne sosai, don maganar yau ta ƙasa ce, kowa kuwa ya san talakan da ba shi da ƙasa bara ta kusa kama shi.

Mu fara da abin da ba gardama a kansa. Muna son ilmi. Muna son babbar makaranta ta zo kusa da mu. An kafa Jami'ar Tarayya a Gusau a 2013, an kafa ta Jiha a Talata Mafara a 2018, kafin su kuma ga ta Sakkwato tun 1975. Yaron Gummi ko na Bukkuyum da Allah ya ba ƙwaƙwalwa, sai ya ɗauki jakarsa ya bi hanyar da kowa ya san halinta, uwarsa na addu'a har ya sauka. Saboda haka duk ranar da aka ce za a kawo mana reshen jami'a ko kwaleji, mu ne za mu fara guɗa. Kada wani ya fita daga nan ya ce 'yan adawa ba su son makaranta. Wanda ya faɗi haka ya yi mana ƙarya.

Amma fa makaranta ba a sama ake rataye ta ba. A ƙasa ake gina ta, ƙasar kuwa tana da masu ita. Ranar da alkawarin 'yan siyasa ya zama gaskiya, abin da za ku fara gani ba ɗaliba ba ce, ba malami ba ne, safiyo ne da ma'auninsa da yaransa suna kafa turaku a gonar wani. To, wannan ranar muke so ta same mu a shirye, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.

FAƊIN FILIN

Bari mu yi lissafi kaɗan, irin na kasuwa. Dokar da aka kafa a 1993 ta ce mai son buɗe jami'a ta kansa sai ya nuna fili na aƙalla hekta 100, watau kusan eka 247. Mu ƙaddara kowane magidanci yana noma hekta 2. Ke nan mafi ƙanƙantar jami'a ta cinye gonakin gida 50. Wannan ƙarama ke nan. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, filinta ya kai kimanin hekta 7,000. Ku raba da kanku ku ga gida nawa ke nan.

Kuma jami'a ba ta tsayawa yadda aka haife ta. Bana ajujuwa ne da ofis, baɗi ɗakunan kwanan ɗalibai, baɗin baɗaɗa gidajen malamai, da asibiti, da gonar gwaji, da filin wasa. Don haka ne mahukunta suke yankar fili mai faɗin gaske tun farko, su ce na gaba ne. Gari shi ma ba ya tsayawa. Ana haihuwa, ana aure, baƙi suna zuwa, unguwa tana miƙewa. Makaranta na girma ta wannan gefe, gari na girma ta wancan, wata rana sai sun haɗu. In an shata iyaka tun farko, kowa ya san ta, to, haɗuwar ta alheri ce. In ba a shata ba, sai kuka.

ABIN DA YA FARU A KANO

Ba tatsuniya muke muku ba. Jami'ar Bayero ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, aka kuma yankar mata sabon mazauni a hanyar Gwarzo. A wancan zamani wurin bayan gari ne, ƙauyuka ne da gonaki. Yau birnin Kano ya kai can har ya wuce. A farkon watan Fabrairu na 2025 masu rusau tare da jami'an tsaro suka shiga Rimin Zakara, a ƙaramar hukumar Ungogo, suka rushe gidaje, rikici ya tashi, aka rasa rayuka. Jami'a ta ce filinta ne da gwamnati ta ba ta shekaru da dama da suka wuce. Mutanen garin suka ce su a nan suka gaji iyaye da kakanni. Sai da jini ya zuba sa'an nan Gwamnan Kano ya ce a dakatar da rusau.

Ba mu zo nan don mu yanke hukunci tsakaninsu ba. Abin da muke so ku duba shi ne yadda magana takan lalace. Ana karɓar fili a takarda, takardar tana kwance a ofis, mutane suna kwance a gidajensu. Shekara goma ta wuce, ashirin ta wuce, arba'in ta wuce. Wanda aka yi maganar da shi ya rasu, dagacin da ya shaida ya rasu, akawun da ya rubuta ya yi ritaya. 'Ya'ya suka raba gado, wasu suka sayar, wanda ya saya ya zuba gumin ransa ya yi gini. Ranar da makaranta ta sami kuɗin faɗaɗawa, sai ta ɗauko taswira, su kuwa mutane su nuna kushewar kakanninsu. Kowa yana ganin shi ke da gaskiya, katafila kuwa ba ta jin Hausa.

SAKKWATO DA SAMARU

Akwai kuma ɓarnar da rashin tsari yake yi ko ba a rushe gidan kowa ba. Mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana wajen Dundaye, a ƙetaren gulbin Rima, akwai kuma ƙauyuka a cikin filin da kewayensa. A ambaliyar watan Satumba na 2010 ruwa ya cinye gadar da ta haɗa jami'ar da birnin Sakkwato. Malami da ɗalibi da mai tallan nono duk suka koma shiga jirgin kwale-kwale. A ranar kowa ya gane makaranta da maƙwabtanta hanyarsu ɗaya, ruwansu ɗaya, masifarsu ɗaya.

A Zariya kuwa, ku dubi Samaru. Tun 1922 Turawa suka kafa gonar binciken aikin noma a wurin, sa'an nan jami'a ta zo. Cikin shinge ga tituna a miƙe, ga itatuwa, ga kwalbati. Tsallaken titi kuwa garin ya cika ya batse da ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa, gida a kan gida, lungu a kan lungu. An zana cikin makaranta da kyau, aka bar wajenta ya tsiro da kansa. Alhali mai shara da masinja da direba da mai sayar da abinci, waɗanda in ba su makarantar ba ta kwana, duk a waje suke. Gaskiya ne Samaru ta sami arziki, kasuwarta ta cika, kuma muna so mu ma mu samu. Sai dai muna son arzikin ya zo da hanya da magudanar ruwa, kada ya zo da cunkoso da kwata a ƙofar gida.

BAKOLORI

Kada wani ya ce ai Kano da Zariya nesa ne. Mu Zamfarawa muna da namu tabon. An gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato, wajen Maradun da Talata Mafara, daga 1974 zuwa 1978, wani kamfanin Italiya mai suna Impresit ya yi aikin. An ce aikin ci gaba ne, kuma lalle noman rani ci gaba ne. Amma aka tashi dubban mutane, aka sare itatuwa, aka hana manoma shuka ana baje ƙasa damina bayan damina, maganar diyya kuwa ta zama je ka ka dawo. Da manoma suka gaji suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu na 1980, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba, wasu masu bincike suka ce sun haura 300. Ko wanne ne gaskiya, rai ɗaya ma ya yi yawa.

Manoman Bakolori ba ruwa suka ƙi ba, kamar yadda mutanen Rimin Zakara ba ilmi suka ƙi ba. Abin da ya haɗa su shi ne an fara aiki kafin a gama magana. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

ME DOKA TA CE?

Yanzu ku gyara zama, don nan ne ake cutar talaka saboda bai sani ba. Tun 1910 Turawa suka kafa doka cewa ƙasar Arewa duka tana hannun Gwamna. Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta ta a 1962. A ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta shimfiɗa wannan tsari a Nijeriya baki ɗaya, ita ce Dokar Amfani da Ƙasa da ake aiki da ita har yau. Ta ce ƙasar kowace jiha tana hannun Gwamna bisa amana, don amfanin jama'a duka. Ku riƙe wannan kalma, amana. Ba a ce tasa ba ce.

Sashe na 28 ya ba Gwamna iko ya karɓi fili don amfanin jama'a, makaranta kuwa tana cikin abin da dokar ta lissafa. Wannan ba mu musa ba. Amma sashen nan ya ce sai jami'in da Gwamna ya wakilta ya sa hannu, kuma sai an ba mai fili sanarwa. Kotun Ƙoli ta ƙasa, a shari'ar Osho ta 1991, ta ƙarfafa cewa sanarwar nan dole ce, kuma filin da aka karɓa da sunan jama'a ba a juya shi ya zama na wani mutum. Ke nan ba ya halatta ka wayi gari ka tarar da turke a gonarka ba wanda ya ce maka uffan. Ba ya kuma halatta a karɓa da sunan jami'a, a yanka fuloti a raba wa manya.

Sashe na 29 shi ne na diyya, nan kuma akwai ɗaci. Doka ba ta biyan kuɗin ƙasar kanta. Abin da hannunka ya ɗora a kai take biya. In gini ne, a ƙiyasta abin da zai ci a sake yin irinsa, a cire na tsufa, a ƙara maka wani abu in an yi jinkirin biya. In amfanin gona ne, jami'in gwamnati ne yake yanka farashi. To, ku duba. Gonar da kakanka ya sare, ubanka ya zuba wa taki shekara hamsin, in suka zo da rani ba komai a kanta sai kara, me za su rubuta? Don haka ne lokacin ƙirga yake da muhimmanci, haka kuma kowace ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, kuka da mangwaro, da rijiya da rumbu da shinge.

Akwai sashen da ba su cika son ku sani ba, sashe na 6. Ya ce in ƙaramar hukuma ta karɓi ƙasar da mutum yake noma, wajibi ne ta ba shi wata ƙasar noma a madadinta. Ya kuma ambaci mai ƙasa da wanda yake zaune a kanta, kowa gwargwadon haƙƙinsa, watau mai aro da mai haya da mai jingina ba a share su. Sashe na 33 ya ce wanda aka karɓi gidan zamansa ana iya ba shi wani mazauni maimakon kuɗi. Sashe na 36 ya ce manomin ƙauye da yake kan gonarsa tun kafin dokar, doka ta san da shi ko ba shi da takarda, kuma yana iya kai zanen gonar ga ƙaramar hukuma a yi masa rajista. A saman duka, sashe na 44 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce ba a karɓar dukiyar mutum sai da biyan diyya ba tare da jinkiri ba, kuma yana da ikon zuwa kotu.

Wani abin lura kuma yana sashe na 29. In filin na jama'ar gari ne, Gwamna yana iya cewa a ba da diyyar ga jama'a, ko ga sarkinsu ko shugabansu ya sarrafa musu, ko a zuba a wani asusu. Muna girmama iyayenmu sarakuna da hakimai da dagatai. Saboda girmamawar nan ne muke cewa kada a ɗora musu kuɗin jama'a a ɗaki, don zargi ba ya barin wanda ya karɓi kuɗi a ɓoye, ko da hannunsa tsarkakakke ne. A ƙirga a fili, a raba a fili, mutuncin kowa ya tsira.

Game da tsara gari, a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa wannan aikin jihohi ne. Saboda haka in an tambayi ina za a bi da titi, ina kasuwa za ta zauna, kada kowa ya nuna mana Abuja. Amsar tana Gusau da sakatariyar ƙaramar hukuma.

HALIN DA ƘASARMU TAKE CIKI

Akwai abubuwa uku da suka sa maganar fili ta fi zafi a nan fiye da ko'ina.

Na ɗaya, tsaro. Kun fi mu sanin gonaki nawa na nesa aka bari saboda 'yan bindiga. Kun ga 'yan'uwanmu da suka baro ƙauyukansu suka cika Anka da sauran manyan garuruwa. Gonar da ta rage wa talaka ita ce ta bakin gari, wadda zai je ya dawo kafin la'asar. Ita ce kuma mai zana makaranta zai fi so, don kusa take da titi da wuta da 'yan sanda. In an karɓi gonar bakin gari aka ce an ba ka madadi a dajin da ko maharbi ba ya shiga, an ba ka ko an raba ka da abincinka? Madadin gona sai ya zama inda mutum zai iya nomawa ya dawo gida da ransa.

Na biyu, gubar dalma. A 2010 duniya ta ji labarinmu ta hanyar da ba mu so. Yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, Sunke, 'Yargalma da Tungar Guru, saboda ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Ƙungiyar likitoci ta Na-Gari-Na-Kowa ta zo ta yi wa yara magani. Aka kankare ƙasar gidaje aka binne ta a ramuka, Bagega kuwa sai a 2013 aka share ta. Ƙasa ba ta mantuwa. Duk wanda zai zana makaranta ko sabuwar unguwa a yankin nan, sai ya auna ƙasa da ruwan rijiya tukuna, ya san inda aka niƙa dutse da inda aka binne guba. Kada a tashi mutane daga wuri mai lafiya a zaunar da su a kan ciwo.

Na uku, ruwa. Mutanen Gummi ba su manta ambaliyar daminar 2024 ba, da gidajen da ta rusa. Ruwa yana da hanyarsa tun kafin a haifi safiyo. In makaranta ta ɗauki tudu, ta ja katanga mai tsawon mil, ta toshe kwari, ina ruwan zai bi? Cikin unguwar talakawa. In kuma ita ta ɗauki tudun duka, ina gari zai miƙe gobe? Cikin fadama. Mai tsari na gaskiya yakan bar wa gari tudun da zai girma a kai.

BUƘATUNMU

Ga abin da muke nema ga kowace gwamnati, ko ta wace jam'iyya ce, ko da tamu ce ranar da Allah ya ba mu.

1. Kafin a kafa turke ko ɗaya, a kira taro a fili, a baje taswira, a yi bayani da Hausa da Fulatanci, a manna kofi a kasuwa da sakatariya da ƙofar fada, a ba jama'a lokacin kawo ƙorafi.

2. A rubuta sunan kowane mai gona da mai gida, da mai aro da mai jingina, da gwauruwa mai gayauna, da marayun da ba a raba musu gado ba. A karanta sunayen da ƙarfi ranar kasuwa, don kowa ya ji wanda aka tsallake da wanda aka cusa.

3. A yi ƙirgar amfanin gona da itatuwa a gaban mai su da shaidu biyu, a ba shi kofin takardar a hannunsa ranar.

4. Biya kafin aiki. Katafila ba ta shiga sai kuɗi ya shiga hannu, madadin gona kuma ya tabbata.

5. A karɓi abin da za a iya ginawa a kansa. In an ce sauran na gaba ne, to, a biya shi yanzu, a kafa turakun siminti da kowa zai gani, a rubuta cewa tsofaffin masu shi za su ci gaba da noma har ranar da gini ya iso, ba mai sayarwa, ba mai yin gini. Filin da ba a biya ba kuma ba a shata ba, a sake shi ga masu shi a rubuce. Wannan kaɗai da an yi shi, da an kauce wa yawancin rigingimun da muka ambata.

6. Katanga kada ta toshe hanyar gona, ko ta gulbi, ko burtali da mashaya, ko maƙabarta da filin idi. Toshe burtali ɗaya yana iya haddasa abin da shekara goma ba ta kashe ba, mu kuwa a Zamfara ba sai an ba mu labari ba.

7. A zana wajen makaranta kamar yadda aka zana cikinta. A fitar da tituna da magudanai, a ware wurin kasuwa da tasha da makarantar firamare da asibiti. Rijiyar burtsatse da wutar da aka kawo wa makaranta su taɓa maƙwabta.

8. Rumfunan ƙofar makaranta a raba su ta hanyar ƙuri'a a bainar jama'a, a fara da waɗanda aka karɓi filayensu da 'yan kasuwar garin. Aikin gadi da shara da leburanci da tuƙi, 'ya'yan maƙwabta su ne a gaba.

Duk wannan a sa shi a takarda guda, hukumar makaranta ta sa hannu, ƙaramar hukuma ta sa, masarauta ta sa, wakilan jama'a su sa, kowa ya riƙe kofi.

Wani zai ce wannan mafarki ne, ina talaka ina kafa wa jami'a sharaɗi? To, an yi a wani wuri. A Amurka, a 1968, Jami'ar Kolombiya ta birnin New York ta fara gina ɗakin wasanni a filin shaƙatawa da ke tsakaninta da Harlem, unguwar baƙaƙen fata. Mutanen unguwa da ɗalibai suka tashi tsaye, aikin ya mutu. Da jami'ar ta tashi faɗaɗawa bayan shekara arba'in, sai da ta zauna da wakilan unguwa, aka sa hannu a yarjejeniya a 2009, ta ɗauki alkawarin abin da ya kai kimanin dala miliyan 150 na amfanin maƙwabta. Ba tausayi ne ya sa ta ba. Ta tarar da mutane kansu a haɗe.

GARGAƊI GA 'YAN KASUWA DA MANOMA

Ku 'yan kasuwa kun san wanda ya riga jin farashi shi ke cin riba. Haka abin yake a fili. Tun kafin a yi shela, na kusa da ofis sun ga taswira. Sai ka ga baƙo da babbar riga yana zagaya gonakin gefen titi, yana taya abin da ba a taɓa tayawa ba, dillali yana yi maka raɗa cewa ai gwamnati za ta ƙwace, gara ka karɓi na hannu. In gonar tana cikin filin makaranta, shi zai ci diyyar. In tana bakin ƙofa, shi zai yanka ta fuloti ya sayar ninkin ba ninkin, ko ya gina shaguna ya ba ɗanka haya a kan gonar ubansa. In kuka ga ana rububin gonakin wani gefe ba dalili, ku tambaya, ku sanar da juna, kada ku yi gaggawa.

Haka nan mai sayen fuloti kusa da kowace makarantar gwamnati, a nan ne ko a Gusau ko a Mafara, ya binciki iyaka kafin ya biya. Takardar dillali da sa hannun shaidu ba su tsayar da katafila. Araha ba ta ado.

Ga aikin da za mu fara tun gobe, ba sai mun jira kowa ba. Kowane magidanci ya zagaya gonarsa da maƙwabtansa na gabas da yamma, kudu da arewa, a tabbatar da iyaka tun dattawan da suka sani suna da rai. A ƙirga itatuwa a rubuta. Mai waya ya ɗauki hoto. Gadon da ba a raba ba a je a raba. Wanda ya iya, ya kai zanen gonarsa ƙaramar hukuma ya nemi rajista. Kowace unguwa ta zaɓi mutum biyar masu amana, a sa mace a ciki, a sa makiyayi, a sa ɗan kasuwa, su ne bakin jama'a in magana ta taso. Kada kowa ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. Ofishinmu a buɗe yake, ku kawo mu karanta muku kyauta, ko kai ɗan jam'iyyarmu ne ko ba namu ba ne, don turken safiyo ba ya tambayar katin jam'iyya.

Kuma duk ɗan takarar da ya hau mumbari ya ce zai kawo jami'a, ku tafa masa, sa'an nan dattijo ɗaya ya miƙe ya tambaye shi cikin ladabi: Ranka ya daɗe, a gonar wa? Nawa ne faɗinta? Wa zai biya, yaushe? Ina masu gonar za su koma? In ya amsa, a rubuta amsar a ajiye. In ya fusata, to, kun sami amsa.

Jama'a, muna son ranar da ɗan manomin Bukkuyum zai fito daga gidan ubansa da ƙafa ya shiga aji a jami'a, ya dawo ya ci tuwon dawar da aka noma a gonar gidansu. Makarantar da gonar duka muke so, kuma ƙasar Allah tana da faɗin da za ta ɗauke su in an yi adalci wajen awo. Hausawa suka ce tun ran gini ran zane. Mu yi zanen yanzu, da idonmu a buɗe, kada 'ya'yanmu su gaji rigima.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya. Wasalam.